Rigunan Maman Lefe

Har yau ban manta da ranar da wata Hajiya ta zo haɗa lefe shagonmu na kasuwar Garki ba. Shagon na wani Alhaji ne Bakatsine, ni kuma nake riƙe da ɓangaren rigunan mama, can bayan labule, don mata ba sa iya buɗe baki su gaya wa Oga abin da suke nema.

Hajiyar gwaggon ango ce. Ta ce in ba ta dozin, duk lamba talatin da huɗu. Na tambaye ta ko amarya ce ta faɗi lambar.

"Wa zai yi mata wannan tambaya? Ga hotonta dai, siririya ce."

Na karɓi wayar na duba. Yarinya ce cikin hijabi har ƙasa, fuska kawai ake gani.

Ku sababbi a sana'ar nan, ku riƙe wannan. Awo biyu ake yi. A zagaya tef a ƙarƙashin ƙirji, shi ke ba da lamba. A sake zagayawa ta inda ya fi cika, bambancin da ke tsakani shi ke ba da harafi. Ido ba ya wannan aikin, balle hoto. Kayan ciki kuma in sun fita ba ma karɓar su. Ita ma amarya ba za ta taɓa ce wa dangin miji sun sayo mata abin da ya matse ta ba. Haka za ta yi ta sawa.

Na yi wa Hajiya wannan bayani, ta ce su ma haka aka yi musu, kuma ba su mutu ba. Ban ja da ita ba, na fara jero kaya. Sai dai na lura tana magana tana cusa hannu cikin mayafi tana sosa kafaɗa.

Na ce, "Hajiya, ko in gwada ki? Ba sai kin saya ba."

Ta harare ni, sannan ta ja labulen da kanta.

Igiyar rigar maman da ke jikinta ta yi mata rami a kafaɗu biyu, wurin har ya yi baƙi. Maɗaurin baya ya haye can sama. Lambar da aka zuba mata a nata lefen take saye har yau, bayan haihuwa shida, in ta matse sai ta ƙara wa maɗaurin ƙyalle. Na auna ta, na ɗauko daidai ita. Ta sa, ta ja numfashi.

"Ni fa na ɗauka haka abin yake, dole ya yi ciwo," ta ce a hankali.

Tausayinta ya kama ni, amma ban nuna ba. Da ta fito ta tura min dozin ɗin nan gefe.

"Mayar da su, 'yata. Zan sa ƙanwar ango ta kawo miki yarinyar, kada dai kowa ya ji."

Ranar na gane cewa awo ba shi ne wahalar sana'ar nan ba, kowa zai iya koyonsa. Wahalar ita ce kunya. Yawancin matan da ke ɗaga labulen nan, wani ne ya zaɓa musu lamba, kuma ba wanda ya taɓa tambayarsu ko tana musu ciwo. Ku dinga tambaya.