Tsohon da Ya San Shekarun Delko

Ranar ƙarshe da Nazifi ya tashi lafiya, da hantsi ya kira mahaifinsa, Malam Dauda, ya zo ya ga bambancin delko biyu na tsohuwar fijo, abin nan da ke raba wuta a inji. "Sai an jima," in ji Malam Dauda, yana gyaran takardun ɗalibansa. Da la'asar zazzaɓi ya kwantar da Nazifi, bai ƙara tashi ba.

Yau ga Malam Dauda a tashar Madawa da buhun ƙarafan ɗansa da ya kawo sayarwa, gaban wani tsoho mai kayan mota. Siriri ne, baƙin mai ya zauna a faratansa, tabaransa ɗaure da waya. Da alama ya daɗe a ƙarƙashin motoci kafin gwiwa ta zaunar da shi. Yakan ɗauki delko, ya buɗe murfin, ya shafa da babban yatsa, ya jera a tabarma.

"Wanga na shekarar saba'in da biyu ne. Wanga na bayansa ne, dubi maɗaurin. Malam, wa ya tara su? Gwani ne. Bai ɗaura musu takarda ba?"

Ya ɗaura. Malam Dauda ne ya tsinke takardun jiya, don a ganinsa tarkace ne.

"Ɗana ne. Ya rasu."

Tsohon ya yi masa gaisuwa, ya tsaya da jerin. Malam Dauda ya durƙusa, ya ciro biro.

"Baba, koma daga farko, a hankali."

Ko ɗaya bai bari ba. Ya koma gida Buza da su, kowane da takardarsa.