Alƙalamin Kara a Shagon Rediyo

Ko da zan manta da komai, ban da ranar da alƙalamin kara ya cece ni daga zaman kashe wando.

A lokacin ina aiki a wani shago a Sabon Gari, inda muke haɗa akwatin rediyo. Maigidanmu mutumin Gabas ne, mai haƙuri ƙwarai. Aikina shi ne jan waya: in bi kayan da ke kan allon cikin rediyo ɗaya bayan ɗaya, in haɗa su da dalma. Sai waya ta yi tsada, har maigida ya fara zancen rage ma'aikata. Ni kuwa ga matata da tsohon ciki.

Ana nan maigida ya ɗauko wani injiniya, Babarbare ɗan Fagge. Ya zo da alluna masu fuskar jan ƙarfe, ya ce za a zana hanyoyin wuta da fenti, a tsoma allon a ruwan asid. Ruwan zai cinye jan ƙarfen, ya bar inda fenti ya rufe, shi ke nan ba sauran waya. Gaskiya na tsani mutumin nan, don a ganina abincina ya zo ɗaukewa.

Kwana uku yana fama. Burushinsa ya yi kauri, layuka sai su haɗe, allo ya lalace. Ni kuwa ina gefe ina jin daɗi, Allah Ya yafe mini. A rana ta huɗu maigida ya ce, "Injiniya, allo biyu suka rage. In sun lalace, rufe shagon zan yi."

Na fita na samo kara, na fere alƙalami irin wanda na saba da shi tun ina makarantar allo a Kwaciri. Na ce, "Malam, ba ni fentin nan." Ya dube ni, ya miƙo. Na bi zanensa ina jan layuka siri-siri, babu wanda ya taɓa ɗan'uwansa. Da aka tsamo allon aka jera kaya aka kunna rediyo, sai ga murya ta fito ras. Injiniya ya yi dariya ya ce, "Daga yau kai ke zane, ni in riƙe maka kwanon fenti."

Da aikin zanen nan na yi hidimar sunan 'yata. Tun ranar na daina yi wa sabon abu fatan lalacewa, domin kwana uku na yi ina murnar abin da zai rufe shagon da nake ci a cikinsa.