Malama Dinah, Wadda Ta Koya wa Saje Raɗa

Kafin masu ƙosai su ɗora kasko a bakin titin Zuru, ɗan kabu-kabu ya riga ya sauke Malama Dinah a ƙofar makarantar coci, jakarta tana kacau-kacau. Murafen kwalaben lemo ne a ciki, waɗanda Obiageli mai shago take tara mata. Sai ta share ajin ƙananan yara, ta ture kujerar malami gefe, ta shimfiɗa tabarma. Kujerar nan har yau sabuwa ce fil, domin ba ta san zaman Malama ba. A watan nan ta ajiye aiki, kuma duk wanda aka tambaya labarinta, da Solomon ɗan gidan Saje Philemon yake farawa.

Saje ya ƙare ƙuruciyarsa a bariki, ya dawo gida da furfura, sannan ya auri Rachael, malamar sakandare wadda ita ma karatu ya riƙe ta har ta manyanta. Da aka haifi Solomon sai da aka ci tuwo har bayan layi. Amma yaro ya isa magana bai yi ba, ba ya kallon idon mutum, a kira sunansa ko waiwaye. Nan dangi suka raba laifi gida biyu. Dangin Rachael suka ce tsufan Saje ne, dangin Saje suka ce boko ne ya yi wa uwar yawa. Shi kuwa Saje ya yanke cewa ɗansa kurma ne, ya dinga kiransa da muryar da yake tsayar da kuratan soja, yaron yana toshe kunne yana shigewa ƙarƙashin gado. Kunya da baƙin ciki suka ci mutumin nan, har ya shirya kai yaron ƙauye wajen yayarsa, can bayan Mahuta, da zarar an gama girbi. Rachael ta san in ya tafi, shi da makaranta sai dai labari. Ta riƙo hannun Solomon ta kawo wa Malama Dinah, tana share hawaye da bakin zane.

Malama ba ta kira sunansa ba. Ta zube murafe a tabarma, ta zauna gefensa. Solomon ya fara jera su sahu-sahu, ba wanda ya goce. Ita ma ta jera nata. Can ta ce cikin raɗa, "Hagu." Yaro ya matsar da sahu guda zuwa hagu.

Washegari ta aika a kira Saje. Ya zo da sandarsa da ɗaurarriyar fuska.

"Malama, mi za ki koya ma wanda bai ji?"

"Baba Saje, ka taɓa ganin kurma yana toshe kunne? Ji ne ya yi mishi yawa. Muryarka ko ni nan tana firgita ni."

Ta sa suka kai yaron asibiti, likita ya ce galahanga ce, wato yaro ya zo da tasa hanyar ji da gani da hulɗa da mutane. Saje ya dawo ya tsaya a bakin aji kamar wanda ya zo karɓar hukunci.

"Ki gaya mini gaskiya. Tsufana ne?"

"Likitoci sun ce in iyaye sun manyanta, yiwuwar takan ɗan ƙaru," in ji ta. "Amma 'ya'yan tsufa nawa ne a garin nan suke surutu kamar rediyo? Matasa ma suna haifar irin Solomon. Ba laifi ba ne, Baba. Bokon Maman Solomon kuwa, shi ya sa ta lura da wuri. Cire takalmi ka zauna, ɗanka yana fareti ba kwamanda."

Wanda bai ga Saje Philemon a kan tabarmar yara ba, gwiwoyi suna ƙara, yana ba murafen lemo oda cikin raɗa, an yi abin dariya ba shi. In ya manta ya ɗaga murya, sai Malama ta ɗora yatsa a leɓe, tsohon soja ya ce, "Afuwa, Malama." Daga hagu da dama aka kai ga "zo" da "zauna", aka kai ga "ruwa". An yi girbi, an ci, an sake wani, ba wanda ya ƙara tayar da zancen Mahuta.

Malama Dinah, ke ce kika sauko ƙasa inda yaran suke, lokacin da kowa ke tsaye a kansu yana ihu. Ke ce kika sauke wa tsoho da matarsa kayan da dangi suka ɗora musu. Uwar masu shiru, ba Solomon kaɗai ba ne, iyaye daga Danko ma sun biyo labarinki, kuma ba wanda kika tambaya shekarunsa ko takardarsa kafin ki shimfiɗa masa tabarma.

Ranar bikin sallamarta a coci, fasto ya roƙi mawaƙa su ajiye ganga na ɗan lokaci. Saje ya fito da tsohon kakinsa da ya ƙi rufe tumbi, Solomon yana gefensa. Suka tsaya a gaban Malama. Saje ya sunkuya ya raɗa kalma ɗaya a kunnen ɗansa. Yaro ya buga ƙafa, ya ƙame, ya sara mata, ya dubi wajen kafaɗarta ya ce, "Malama." Ta miƙe ta rama sarawar da hannun hagu, tana dariya tana kuka, Saje kuwa ko gyara mata bai yi ba.

Mun gode, Malama. Allah ya ba ki hutawa mai daɗi, ya ƙara wa gwiwoyin nan lafiya. Mu kuma da muka rage, in akwai yaro a gidanku ko a maƙwabta da ba ya amsa kira, ku bar lissafin shekarun ubansa da karatun uwarsa. Ku kai shi a duba shi, ku cire takalmi, ku rage murya.