Allura Ba Bulala Ba Ce: Jinjina ga Anti Mai Kujera

Bakwai saura kwata take shigowa ɗakin yara na asibitin, jaka a kafaɗa, 'yar gajeriyar kujerar katako a hannu, irin wadda ake zama a kai a yi wanke-wanke. Kujerar nan ce ta cinye mata sunan yanka. Daga likitoci har masu shara, Anti Mai Kujera kowa ke ce mata. Tana ajiye jaka sai ta wanke hannu, ta murza tafukanta har su yi ɗumi, sannan ta bi gadaje ɗaya bayan ɗaya. A kowane gado takan dire kujerar ta zauna, don idonta ya zo daidai da na yaron. Shi take fara gaisarwa, uwa ta biyo baya. Iyayen da ba su san ta ba kan ɗaure fuska, kafin kwana biyu kuma su ne masu cigiyarta.

Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, bayan shekara talatin da ɗaya tana nas a wannan ɗaki. Ba a taɓa buga hotonta a ko'ina ba, ba ta kuma nema ba. To amma yabon gwani ya zama dole, ko da gwanin zai ji kunya ya ce a bari.

Sababbin nas-nas sukan ce tana da nawa, kuma ba ƙarya suka yi ba. Ba ta ba yaro magani sai ta ɗora shi a sikeli da kanta, ko da an rubuta nauyinsa a kati makon jiya. Takan ce yaro ba guntun babba ba ne, ba a gutsuro masa magani da ido. In za ta duba shi, ƙirji take fara saurara tun yana shiru, ta bar duba maƙogwaro sai ƙarshe, don ta san daga nan zaman lafiya ya ƙare. Maganin ruwa kuwa da sirinji take zuba shi ta gefen kunci kaɗan-kaɗan, ba a toshe hanci a ɗura a gabanta. Ba ta yarda a yi wa yaro abu mai zafi a kan gadonsa, sai a ƙaramin ɗakin da ke ƙarshen baranda, don gado ya zama wurin da ya san babu mai taɓa shi. Abu ɗaya kuma da ba a taɓa ji a bakinta ba shi ne, "Ba zafi." Mai sharar ɗakin, wadda ta yi shekara goma sha tara tana kallonta, ta ce ta ga yaran da suka ciji Anti, amma ba ta taɓa ganin wanda ya ce ta yi masa ƙarya ba.

Cikin masu ba da shaida akwai wani kafinta, ƙaton mutum mai faɗin kafaɗa, wanda har yau in ya zo kan labarin sai muryarsa ta sauka. Autarsa, 'yar shekara shida, ta yi makonni tana rama, tana shan ruwa ba ƙaƙƙautawa. Wata safiya aka tashe ta ta kasa tashi, numfashinta ya sauya. Da gudu suka kawo ta. Aka yi ƙarin ruwa, aka yi gwaje-gwaje, likita ya ce ciwon suga ne, irin wanda ke kama yara. Ta farfaɗo, kafinta ya yi hamdala. Sai likitan ya zaunar da shi da matarsa ya gaya musu sauran: Auta za ta riƙa karɓar allurar insulin kullum, kafin cin abinci, har iya rayuwarta. Ba za a sallame ta ba sai ta yarda da allurar, su kuma sun iya yi mata.

A lokacin Anti tana hutu. Kwana huɗu ana kokawa da yarinyar nan. Duk lokacin allura sai mutum uku sun taru, ɗaya ya danne ƙafafu, ɗaya hannuwa, uwar tana kuka ta juya baya. Kafinta yakan fita baranda ya tsaya yana kallon bango. Auta kuwa ba ta rasa wayo ba. Ta lura allura tana zuwa ne tare da kwanon abinci, sai ta daina ci. A rana ta huɗu an yi mata allurar rana, ta rufe baki gam, kafin la'asar sugan jininta ya faɗi, ta jiƙe da gumi, jiki na rawa, ido na lumshewa. Da ƙyar aka dawo da ita. Likitan ya faɗa musu gaskiya: in haka ta faru a gida, inda babu nas a kusa, za a iya rasa ta. Ranar kafinta ya san tsoron da bai taɓa sani ba, don ya ga maganin da zai raya 'yarsa shi ne kuma zai iya kashe ta in ta ci gaba da ƙin abinci.

Washegari Anti ta dawo. Ta karanta katin, ta duba awon suga na safiyar, ta je ta sami likita ta ce ya ba ta minti arba'in kafin a taɓa yarinyar. Ya kalli awon, ya kalle ta, ya ce arba'in ɗin kawai. Ta ɗauki kujerarta ta dire a gefen gadon. Auta na ganin farar riga ta dunƙule a lungu ta fara, "Na tuba, na tuba, ba zan ƙara ba."

Kwana huɗu kowa na jin wannan magana, kowa ya ɗauka kukan yara ne. Anti ce kaɗai ta tsaya a kanta. Ta ɗaga hannuwanta biyu ta nuna babu komai a ciki, ta ɗora su a cinya.

"Auta, ni ban zo da allura ba yanzu. In zan zo da ita zan gaya miki tukuna. Me kika yi da kike tuba?"

Yarinyar ta saci kallon ƙofa, inda ubanta ke tsaye. Ta yi ƙasa da murya.

"Fitsarin kwance."

"Wa ya ce don shi ake yi miki allura?"

"Baba ya ce in na ƙara zai kawo ni asibiti a yi mini. Na ƙara. Amma jiya ban yi ba, kuma an yi mini."

Kafinta ya ji da kunnensa. Gaskiya ne, ya faɗa, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Wane gida ne ba a faɗin haka? Yaro ya ƙi wanka, allura. Ya ƙi barci, a kira masa likita. Shi ma da irin wannan barazana aka rene shi. Bai taɓa zaton maganar da yake jefarwa yana ɗaure takalmi za ta zauna a cikin 'yarsa haka ba. Baki dai shi ke yanka wuya.

Anti ta fito da shi baranda. Ya sunkuyar da kai yana jiran faɗa, kuma ya san ya cancanta. Ba ta yi masa ba.

"Baban Auta, ka san fitsarin nan ba ganganci ba ne? Ciwon ne ke sa ta. Tun a gida yana gaya muku ya zo."

"Anti, wallahi ban sani ba."

"Na san ba ka sani ba. Amma ni in na ce mata ba horo ba ne, ba za ta yarda ba, ba ta san ni ba. Wanda ya ɗaura shi zai kwance. Ka shiga ka gaya mata ka yi kuskure."

Shi da ko yayyen Auta maza bai taɓa ba haƙuri ba, yau 'yar shekara shida. Ya ce ko uwarta ta faɗa mata a madadinsa. Anti ta dubi agogon hannunta ta ce saura minti ashirin da biyar, kuma ba uwarta ce ta yi mata barazanar ba.

Suka koma ciki, ta miƙa masa kujerar. Abin dariya ne a ga ƙaton nan a kanta, gwiwoyi sun kusa taɓa haɓa, amma babu wanda ya yi dariya. Ya kama bakin gado ya ce, "Auta, Baba ya yi kuskure. Fitsarin nan ba laifinki ba ne, ciwo ne. Allurar nan ba don kin yi laifi ba ce, magani ce. Ƙarya na yi miki don in tsorata ki. Ki yafe mini."

Yarinyar ta zuba masa ido. Ba ta gaskata ba, kuma tana da hujja, don yau ne karo na farko da ta ji wannan, wancan kuwa ta sha ji.

Anti ta ce, "Auta, zan ɗauko allura yanzu, amma ba taki ba ce. Ta Baba ce. Babu magani a ciki. Baba ya yi fitsarin kwance?"

Auta ta girgiza kai, bakinta ya ɗan motsa.

"To kin gani, bai yi laifin komai ba, kuma zai karɓa."

Nan fa ido ya raina fata. Ashe mai barazana da allura rabonsa da ita tun yana yaro, ko a hanya ya ga ana yi sai ya tsallaka titi. Wanzami ba ya son jarfa. Suka ɗunguma zuwa ƙaramin ɗakin, ya ɗaga riga, ya runtse ido, gumi na bin wuyansa. Matarsa, wadda ta kwana biyar ba ta yi murmushi ba, ta rufe baki da mayafi. Anti ta tsira masa 'yar siririyar allurar a fatar ciki, ta ƙirga goma, ta zare.

Auta ta ce, "Baba, da zafi?"

Ya buɗe baki zai ce a'a, Anti ta kalle shi. Ya haɗiye.

"Da zafi kaɗan. Kamar cizon tururuwa. Ya ma wuce."

Sai Anti ta juya ga yarinyar. "Yanzu taki. Ba zan ce miki babu zafi ba, kuma dole a yi, wannan ba zaɓi. Amma ke za ki zaɓi wurin, ciki ko cinya. Ke za ki ƙirga. In kina son kuka ki yi abinki, ba mai hana ki. Aikinki ɗaya, kar ki motsa ƙafa."

Ta zaɓi cinya. Anti ta zaunar da ita a jikin uwarta, baya a ƙirjin uwa, hannun uwa a zagaye da ita, runguma ba danniya ba. Auta ta fara ƙirga da kuka, ta tsallake bakwai, ta kai goma. Ba ta ce ta tuba ba. Da aka koma gado aka ajiye kwano, kowa na yin kamar ba ita yake kallo ba. Ta daɗe tana juya cokali, sannan ta kai baki. Kafinta ya ce shi dai ya fita baranda, ya jingina da bangon nan da ya kwana huɗu yana kallo, ya yi kukan da bai yi ba tun rasuwar mahaifiyarsa, kuma daɗi ne ya sa shi.

Ba a ranar komai ya daidaita ba. Washegari ta sake turjewa, Anti ta sake zama, ta sake bayani daga farko ba tare da ta ɗaga murya ba. Kwana uku tana koya wa iyayen yadda ake auna suga a gefen yatsa ba a tsakiya ba, yadda ake sauya wurin allura, da alamomin faɗuwar suga. A rana ta huɗu kafinta ya yi wa 'yarsa allura da hannunsa, Auta na ce masa, "Baba, ka ƙirga mana." Aka sallame su. Bana tana aji huɗu, ita take yi wa kanta, uwar na duba adadin.

Anti, ke ce mai jin abin da yaro ke faɗa a cikin kuka. Ke ce kika san minti arba'in na zama ya fi mutum uku na danniya. Ba ki ƙirƙiro magani ba, ba ki yi wa kowa tiyata ba, amma akwai gidaje da yawa da ake dariya a cikinsu yau saboda kin ƙi yin sauri. Kin sha cizo, kin sha harara, kin sha a ce kin cika tsirfa, ba ki sauya ba. Mun gode. Allah Ya saka miki da alheri, Ya ba ki lafiyar cin moriyar hutunki, Ya sa waɗanda kika rena a aikin su riƙe abin da suka gani.

Ku kuma matasan nas-nas, kafin ku kira a zo a riƙe muku yaro, ku zauna ku tambaye shi abin da yake tsoro. Mu iyaye kuwa namu ya fi sauƙi, bakinmu kawai za mu kama. Kafinta ya riga mu farawa. Kwanan baya wata mata ta je shagonsa duba gado, ɗanta na ta taɓa kayan aiki, ta ce masa in bai bari ba za ta kai shi a yi masa allura. Kafinta ya ajiye zarto, ya share hannu a riga, ya jawo mata benci.

"Baiwar Allah, zauna," in ji shi. "Gadon ba zai gudu ba. Bari in ba ki labarin 'yata."