Huji Biyu a Faifai

Duk wanda ya taɓa kai gyaɗa ko auduga kamfanin Alhaji Sheriff a Kazaure ya san Malam Falalu. Mutumin Roni ne, siriri, mai ɗan ranƙwafo irin na wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a sunkuye. Ya kama aiki a watan da aka sauke tutar Turawa, kuma aikinsa ɗaya ne tak, ajiyar takardu. Shekara ashirin da takwas yana yi, ko rasit ɗaya bai taɓa salwanta a hannunsa ba, har aka laƙaba masa suna Ba-ɓata. Yana son sunan nan fiye da yadda yake son tuwo.

Hanyarsa ba ta canzawa. Takarda in ta zo, zai rubuta mata lamba da biro, ya danna sosai don kada ta goge. Ya buga hatimi. Sannan ya sa ta a bakin abin huda takarda mai haƙora biyu, ya danna, ya zura koren zare, ya ɗaure ta cikin fayil. Yakan ce takardar da ba a huda ba baƙuwa ce, gobe za ta yi sallama. Har katin asibitin 'ya'yansa a huje yake. Matarsa Lailatu takan ce, "Malam, saura ni ka huda ka rataye."

Alhaji Sheriff mutum ne mai riƙon amana. Ya rubuta wa kowane tsohon ma'aikaci takarda da sa hannunsa, cewa duk wanda ya cika shekara talatin za a sallame shi da fili da ɗan abin da zai riƙa ci har ya mutu. Su bakwai ne masu irin takardar, kuma Falalu ne ya huda kowacce ya ɗaure. Saura shekara biyu tasa ta cika sai Allah ya yi wa Alhaji rasuwa.

Ɗansa Abatcha ya dawo daga Legas ya hau kujerar. Mutum ne mai fara'a, irin fara'ar da ba ta wuce haƙora. Tun ranar farko ya dubi tsofaffin nan bakwai kamar yadda mai sabon gida yake duban kututture a tsakar gida. Ya zo da kwamfuta, ya ɗauko wata mai buga takardu, Mas'uda 'yar Babura, wadda ta koyi aikin a Kano. Mako uku tana zaune tana zuba duk fayilolin ma'aikata cikin na'urar, har da takardun alkawarin Alhaji. Da ta gama sai ta zaro wani abu baƙi, mai kusurwa huɗu, marar kauri kamar bangon littafi, da rami a tsakiya. Ta ce sunansa faifai, kuma duk abin da ke cikin kabad ɗin Falalu yanzu yana cikinsa, ita na'urar ba ta riƙe komai.

Falalu ya juya shi gaba da baya. Shi faifan da ya sani na rufe ƙwarya ne. Amma ba ya raina ilimi, don haka ya ce, "'Yata, gaya mini abin da ba ya so."

"Baba, ba ya son rana. Ba ya son a ajiye shi kusa da rediyo, maganaɗisun ciki yana share shi. Kada a lanƙwasa shi, kada ruwa ya taɓa shi. In jar wutar nan ta jikin na'urar tana ci, kada a zare shi."

Ya maimaita sau biyu, ya haddace kamar karatun allo. Ba ta ce kada a huda shi ba. Ina za ta kawo wannan a ranta? Ta dai juya ta ce wa Abatcha, "Yallaɓai, ya kamata a kwafa a faifai na biyu. Ba a ajiye guda ɗaya."

"Ɗaya ya isa," in ji shi. "Tarkace muke ragewa, ba ƙarawa ba."

Washegari ya sa aka kwashe fayilolin aka tara a bayan ofis, ya ce Falalu ya cinna musu wuta, tunda shi ya san su. Falalu ya tsaya da ashana a hannu har hantsi ya yi zafi. Yana jefa su ɗaya bayan ɗaya, yana karanta lambobin a zuci, har ya zo kan nasa. Ga sa hannun Alhaji nan, da shuɗin tawada. Ba mai kallonsa. Da ya cusa shi a aljihun riga da babu wanda zai sani. To amma bai taɓa fita da takardar ofis ba, kuma bai ga dalilin da zai fara da tasa ba. Ya jefa ta. Gaskiya wani lokaci ita ce igiyar da ake ɗaure mai ita.

Ranar Juma'a da safe Abatcha ya aiki Mas'uda Kano sayo tawadar na'urar bugawa. Tana fita ya kira Falalu, ya miƙa masa faifan da hannu biyu.

"Malam Falalu, kai ne ma'ajinmu tun muna yara. Ka adana shi yadda ka saba."

Daɗi ya kama tsohon. Ashe ba a yar da shi ba. Ya rufe taga saboda rana. Ya ɗauke ƙaramar rediyonsa ya kai baranda. Ya goge tebur tas. Sannan ya rubuta lamba da biro, ya danna sosai. Ya buga hatimi. Ya sa faifan a bakin abin huji. Abatcha yana tsaye a bakin ƙofa da kofin shayi, yana kallo. Falalu ya ɗaga kai ya dube shi, irin duban mai neman a yaba masa. Abatcha ya kurɓi shayinsa ya ce, "Madalla." Falalu ya danna.

Ran Litinin Mas'uda ta kwance koren zaren, ta ga huji biyu. Ta dai sa shi a na'urar. Na'urar ta yi gurnani, ta yi shiru, ta sake gurnani.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Baba, wa ya yi wannan?"

"Ni ne, 'yata. Ai na kiyaye rana, na kiyaye rediyo."

Ta rufe fuska da mayafi ta fashe da kuka. Shi kuwa Abatcha sai ya sa aka tara sauran tsofaffin shida a baranda. Ya gaya musu, cikin murya mai sanyi, cewa kamfani ba shi da sauran shaidar ranar da kowa ya kama aiki, balle wani alkawari. Daudu direba, wanda saura wata huɗu tasa ta cika, ya ce, "Ranka ya daɗe, to mu yanzu ina muka dosa?"

"Ku tambayi Ba-ɓata."

Falalu ya durƙusa, da furfurarsa, gaban yaron da ya taɓa goyawa a kafaɗa. "Ranka ya daɗe, ai kai ka ce a ƙona. Kana tsaye kuma na..."

"Ni na huda?"

Babu wanda ya tsaya masa. Mutum in an yanke masa abinci, wanda ya fi kusa da shi yake cizo. Daudu, abokin cin goronsa na shekara ashirin da wani abu, ya tofar da yawu a gabansa ya wuce. Kafin la'asar sunan Ba-ɓata ya mutu a Kazaure, 'yan dako suna kiran sa Mai Huji. Da zai fita, Abatcha ya wurgo masa faifan ya ce, "Ga sallamarka." Abin da ya taɓa fita da shi daga ofishin ke nan kaɗai.

Ya koma Roni, gidan gado, ya kama noman geron da ƙarfinsa bai kai ba. Mas'uda ta bar aikin a watan. Ta zo har gida ta gaya masa gaskiya, cewa babu injiniyan da zai iya fitar da komai daga faifan, ko a Legas. Ya yi mata godiya, ya sa aka dama mata fura, amma bai yarda ba. Ya naɗe shi a farin ƙyalle ya sa a ƙasan akwatin ƙarfe, nesa da taga.

Shekara tara ya ƙara a duniya. Idonsa ya tafi, ya daina gane muryar jikokinsa, amma abu ɗaya bai manta ba. Ranar da zai cika, Lailatu ta shigo ɗakin da rediyo a hannu don ya ji karatun Alƙur'ani. Ya ɗaga hannu da ƙyar.

"Fita da ita, Lailatu. Za ta share ni. Ina ciki."