Kaset ɗin Kaka da Zane Biyu

Gidanmu na bayan Hubbare yana da wani murhu da ba a bari ya mutu da wuri. Da an ci tuwo, Kaka Ige, wadda ta haifi mahaifiyata, za ta jawo tabarmarta kusa da shi, ta miƙe ƙafafu, mu kuma mu kewaye ta muna ture juna. Ba ta farawa sai ta ga kowa ya natsu. Ni ne mai ƙiriniya, don haka kullum da ni ake buɗe fage.

"Kai Bello, zamna! In ba ka zamna ba, bakina ya rufe ke nan."

Tatsuniyar da ta fi maimaita mana ta wata mata ce mai tsabtar tsiya. An ba ta gero ta sheƙe, ta sheƙe. Ta duba ta ga ɗan ƙaiƙayi, ta sa faifai ta bakace. Duk ƙwayar da ta ga da ɗigon dusa a jikinta, sai ta watsar. Kajin maƙwabta suka yi biki a ƙofarta. Da mijinta ya dawo daga gona da yunwa, ta kawo masa ƙwarya. A nan Kaka takan ƙanƙance murya: "Tac ce mai, duba Malam, ba ƙaiƙayi ko ɗaya! Shi ko yad duba, ba gero ko ɗaya." Mukan yi dariya har mu kwanta.

Wata rana kawuna ya ɗauki muryarta a rikoda. Kaset ɗin ya shekara talatin a ƙasan adaka. Bara mahaifiyata, da jiki ya fara yi mata nauyi, ta miƙo mini shi ta ce tana so ta ji uwarta ko sau ɗaya. Gyaran rediyo da lasifika nake yi a Sama Road, na ce ai wannan ƙaramin aiki ne. Da na saka shi, ba abin da ke fita sai shuuu, muryar Kaka can ƙasa.

Sai na ce bari in haɗa ikwalaiza da hannuna, akwatin da ke rage wani sauti ya ɗaga wani. Zanen yadda ake haɗa shi iri biyu ne a gabana. Ɗaya mai hawa goma, yana yanke sautin sama da na ƙasa ba tausayi. Ɗayan mai hawa uku, ragewa kawai yake yi. Girman kai ya kai ni ga mai goma. Kwana huɗu ina liƙa wayoyi da dalma. Shuuu ta tafi sarai, amma wadda ke magana ba Kakata ba ce, kamar an rufe wata baƙuwa a cikin randa. Kuma tatsuniyar da take bayarwa ita ce ta mai geron nan. Na ji kunya ni kaɗai a shago.

Na warware, na haɗa mai uku. Ƙarar ba ta tafi duka ba, na bar ta. Tun daga ranar na daina ganin kowace hayaniya a matsayin datti. Wani lokacin a jikinta mutane suke maƙale.

Na kai wa mahaifiyata bayan la'asar. Ta saurara ba ta motsa ba. Can sai wata dariya ta ɓullo daga bayan muryar Kaka, dariyar da zane na farko ya share gaba ɗaya. Ta riƙe hannuna gam.

"Bello, tsaya. Wagga dariya ta marigayi babanka ta. Maido ta baya."