Motar da Ke Ƙoshi da Cin Birki

Duk wanda ya taɓa shiga mota a tashar Jimeta ya san muryar Babakura, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon nan mai tsagen Barebari, mai kiran "Mubi! Mubi, saura mutum ɗaya!" alhali mutum huɗu ake nema. Shekararsa goma yana kamasho. Amma kada ka kuskura ka kira shi ɗan kamasho a gabansa, yanzun nan ya tsare ka da tarihi. Shi fa direba ne, in ji shi, shekara ashirin da biyu yana kan hanyar Maiduguri zuwa Gwoza zuwa Mubi, ko kaza bai taɓa bankewa ba. Kuma gaskiya yake faɗa. Abin da ba ya ƙarawa shi ne, tun ranar da ya shigo Yola da iyalinsa a shekarar da Gwoza ta watse, bai sake riƙe sitiyari ba.

Haifaffen Bama ne, aure ya zaunar da shi Gwoza. Da gudun hijira ya kawo su nan, sun yi shekara biyu a sansanin Malkohi kafin su samu ɗaki biyu a Damilu. Matarsa Habsatu tana haɗa turaren wuta da humra, matan unguwa suna ta sintiri a gidan. Shi kuma kullum yana tasha, yana loda wa yaran da ya girmi iyayensu mota, su ja su tafi su bar shi tsaye. Abin yana cin sa ƙwarai, kuma bai iya ɓoyewa ba.

Wata ranar Juma'a 'yarsu Zulaiha ta shigo da labari. Wani kamfani ya kawo motocin haya masu aiki da lantarki, ana neman direbobi masu hankali, ranar Alhamis za a yi gwaji. Wanda ya cika sittin ba a ɗaukarsa. Babakura kuwa wata uku ya rage masa ya cika, bisa ga abin da ke takarda.

"Mota ba mai?" in ji shi.

"Ba mai, Baba. Caji ake mata kamar waya."

"To hayaƙin ta ina yake fita?"

"Ba ta hayaƙi. Ba ta ma ƙara."

"Ba mai, ba hayaƙi, ba ƙara. Zulai, mota ce wannan ko aljana?"

Ta yi dariya ta gaya masa yadda gwajin yake: za a ba mutum mota da ɗan caji kaɗan, a ce ya je cikin Yola ya dawo Jimeta. Wanda batir ya mace masa a hanya ya faɗi. Nan fa Babakura ya gyara zama. Tsimin mai? Ai shi ne ubansa! A zamaninsa direbobi har musu suke yi a kan yadda yake kai Mubi da man da ba ya kai wasu Michika. Ya ce zai je. Habsatu ta ɗago daga kan kaskon turarenta ta dube shi, ta ci gaba da aikinta.

Matsalar ita ce bai taɓa ko ganin irin motar ba. Sai Zulaiha ta kai shi wurin ƙawarta Lilian, mai gidan gem a Shagari Low Cost. A can akwai kujera da sitiyari da totur da birki, duk an haɗa su da babbar talabijin, kuma a cikin wasannin akwai na tseren motocin lantarki. Washegari da safe suka je, kafin samari su cika wurin, don dattijo mai furfura ba zai so a gan shi a gidan gem ba.

Lilian ta zaunar da shi, ta yi masa bayani da irin Hausarta ta Jimeta. "Baba, zagaye goma sha biyu ne. Ba gudu ne magana ba. Ka ga wannan koren layi? Shi ne batir. In ya ƙare, motan ya mutu, shi ke nan."

"Ina giya?"

"Babu giya."

"Kuloci fa?"

"Babu."

"To ina firi?"

Firi ita ce dabarar tsofaffin direbobi: in an zo gangara a zare giya, wani ma har ya kashe inji, a bar mota ta gangara da nauyinta ba tare da ta sha mai ba. Lilian ta laluba ta gano masa wani maɓalli da ke yin haka. Babakura ya yi murmushi irin na wanda ya ga ɗan garinsu a baƙon wuri.

Tuƙi kam ya iya, ko maƙiyinsa zai shaida. Hanyar wasan hawa ce da gangara da kwana, amma ko sau ɗaya bai goga bango ba. Da ya hango gangara sai ya danna firi, ya ɗauke ƙafa, ya yanko kwana tun daga nesa don kada ya taɓa birki. A zagaye na goma koren layi ya koma ja, motar ta yi ta jan ciki, ta tsaya cak a tsakiyar hawa.

"Kai! Me na yi mata?"

"Ba ka taka birki, Baba."

"Yo ai shi ne gwanintar, 'yata! Birki ɓarnar mai ne. Duk wanda ya taka birki ya zubar da gudun da ya saya."

"A nan ba haka ba ne. In ka taka birki, batir yana ƙaruwa. Rijen ake ce masa."

"Wace rijiya kuma?"

Lilian ta dafe ciki tana dariya har da ƙwalla. Ta sake bayani, ta kuma sakewa, har da Turancin kasuwa. Shi dai kallonta kawai yake yi. A ce mutum ya tsayar da abu sannan abin ya ƙara ƙarfi? Ya ce mata ko jaki in ka ja masa linzami ba ƙoshi yake yi ba. Ya tambaya ko injin wasan ne ya lalace. Ya tambaya ko Turawan da suka ƙera shi sun taɓa hawa dutsen Gwoza. Ranar sau biyar ya gwada, sau biyar motar ta mace masa.

Lahadi shagon a rufe yake. Litinin da Talata ya dawo, abu ɗaya. Ya ma yarda a baki, ya ce to, zai taka. Amma da gangara ta zo sai yatsansa ya danna firi da kansa, ƙafar dama ta tsaya a sama kamar ba tasa ba. Lilian tana ihu, "Yanzu, Baba! Taka! Taka mana!" Ina! Sai bayan an wuce zai dubi ƙafar cikin mamaki. Ta ɗauka taurin kai ne irin na tsofaffi. Ba taurin kai ba ne, kuma Babakura ya fara gane haka, shi ya sa gumi ke keto masa alhali fanka tana kansa.

Ga abin da ya faru. Ranar da suka gudu daga Gwoza, tsohuwar Fijo ce da shi, mutum goma sha ɗaya a ciki, allurar mai tana kwance. Batir ɗinta ya daɗe da sanyi, sai da turi take tashi. Da suka fita gari ana harbi a bayansu, ya samu wata doguwar gangara, ya zare giya ya kashe inji. Dabararsa ita ce in sun kusa ƙasa ya jefa giya ta tashi da gudunta. A tsakiyar gangarar nan ya hango mutum ya fito daga gona a guje, yana ɗaga hula. Modu ne, ƙanen Habsatu uwa ɗaya uba ɗaya. In ya tsaya, motar ba za ta sake tashi ba sai an fita an tura, kuma baburan maharan suna tafe. Bai tsaya ba. Ba a sake ganin Modu ba har yau. Habsatu tana baya ta duƙa kan yara, don haka Babakura ya bar wa cikinsa, bai taɓa gaya wa kowa ba.

Ranar Laraba Lilian ta gaji. Ta sa tef ta liƙe maɓallin firi, ta jawo kujera ta zauna kusa da shi. Da gangarar farko ta zo ta ce, "Yi haƙuri, Baba," ta sa hannu biyu ta danna masa gwiwa ƙasa. Motar ta ci birki. Koren layin nan ya motsa, ya ɗan yi sama.

"Lilian, ƙaruwa ya yi?"

"Ya ƙaru."

"Don na tsaya?"

"Don ka taka."

A gangara ta biyu shi ya taka da kansa. Ya gama zagaye goma sha biyu, shi ne na bakwai cikin takwas, da sauran caji. Lilian ta yi tsalle tana tafi. Shi kuwa ya zauna riƙe da sitiyari, ya rasa murna zai yi ko me. Shekara goma yana gaya wa kansa cewa mota in ta tsaya ta mutu, haka Allah Ya yi ta, babu direban da zai yi dabam. Yau ga wata an ƙera wadda tsayawa ke ƙara mata rai. Ya san sarai ba irinta yake tuƙawa ba a ranar, ya san wasa ne a talabijin, amma sanin bai hana ransa dagulewa ba. Ya tashi ya fita, har ya manta hularsa.

Bayan la'asar ya tarar da Habsatu a tsakar gida tana ɗura humra a kwalabe. Ya zauna bakin tabarma ya ce ba zai je gwajin ba.

"Saboda me, Baban Zulai? Ka kasa ne?"

"Na iya."

"To fa! Ka iya, kuma ba za ka je ba?"

Ya fara kame-kame, wai motar ba ta da giya, wai idonsa. Ta bar shi ya gama. Da ƙarya ta ƙare masa sai gaskiyar ta fito, a hargitse, gangara da hula da babura. Ya faɗi sunan Modu. Ya sunkuyar da kai yana jiran abin da ya shekara goma yana tsoro.

Habsatu ta rufe kwalbar da ke hannunta, ta ajiye.

"Koriyar hula ce," in ji ta. "Ni na saya masa da ƙaramar salla."

Ya ɗago.

"Na gan shi ta gilashin baya. Na sa mayafi na rufe wa Zulai ido."

"Kin gani? To me ya hana ki ce in tsaya?"

"Tsoro nake ji kada ka tsaya." Hawaye ya zubo mata, ba ta share ba. "Ɗan'uwana ne, kuma addu'a nake yi a raina kada ka taka birkin nan. Kai kana ganin kai kaɗai ka bar shi? Ni na ɗauka ba ka san na gani ba, na ce bari in rage maka nauyi."

Suna nan zaune aka kira magariba. Da zai tashi alwala ta ce, "Gobe za ka je."

Ya je. Wani ma'aikacin kamfanin mai suna Nicodemus ya zauna a gefensa da takarda. Sau biyu Babakura yana tambaya ko motar a kunne take, don bai ji komai ba. Suka shiga cikin Yola suka dawo, yana taka birki a hankali tun kafin kowace mahaɗa. Nicodemus ya leƙa allon batir, ya ɗaga gira, ya ce, "Baba, a ina ka koyi wannan?" Babakura ya ji kunyar cewa gidan gem, ya ce wata 'yarsa ce ta nuna masa. Aka rubuta sunansa.

Ranar da aka damƙa masa mota ya biya ta Damilu don a sa albarka. Ya tarar Habsatu ta riga ta yi shiri, da lafaya da ƙunshin turare a hannu. Ba ta tsaya kallon motar ba, ta buɗe gaba ta shiga.

"Ina za mu?"

"Malkohi. Wurin Ummu Salma."

Matar Modu ke nan. A ƙafa ta iso Yola da goyo, kuma har yanzu tana can gefen tsohon sansanin, ba ta sake aure ba, don ba wanda ya taɓa ce mata ya ga mijinta a ranar. Duk wanda ya zo daga Gwoza sai ta tambaye shi.

Babakura ya dubi matarsa. "Me za mu ce mata?"

"Ban sani ba. Ja mu je."

Ya ja. Suka bar kwalta suka hau hanyar ƙasa. A ƙofar gidan ya tsaya, ya rasa ta yadda ake kashe motar, ya yi ta lalube. Yana cikin haka wata yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya ta leƙo daga zaure, goshinta da idanunta sak na Modu. Ta juya ciki da gudu tana kira, "Umma! Umma, ga su Baba Kura sun zo da mota!"

Habsatu ce ta fara buɗe ƙofa.